Ciwon Marar da Ke Cin Shekarun Haihuwa: Sharhi Kan Endometiriyosis

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana ɗauke da endometiriyosis, wato mata da 'yan mata kusan miliyan 190. Duk da wannan yawa, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa daga ranar da mace ta fara jin alamu zuwa ranar da likita zai ambaci sunan ciwon, sau da yawa shekara bakwai zuwa goma ake ci. Yarinyar da ciwon ya fara damunta tana da shekara 17 tana iya kaiwa 26 ba ta san abin da ke cin ta ba. Ga mai neman haihuwa, a ganina wannan jinkiri shi ne babbar ɓarna, domin shekarun da ke zurarewa su ne waɗanda ƙwanta ya fi yawa kuma ya fi lafiya.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata bisa umarnin sinadarin estirojin, tana jiran ciki. In cikin bai samu ba, sai ta saɓule ta fita, shi ne jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne a sami nama mai kama da wannan shimfiɗa ya tsiro a wajen mahaifa: a jikin tantanin da ya lulluɓe cikin ƙugu, a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jijiyoyin da ke riƙe da ita, wani lokaci har a hanji ko mafitsara. Naman nan yana jin kiran sinadaran wata-wata kamar na cikin mahaifa, yana kumbura, yana iya zub da jini, amma ba shi da ƙofar fita. Sai garkuwar jiki ta taru a wurin, kumburi ya zauna, tabo ya biyo baya, gaɓoɓin da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna su manne. Akwai mata ƙalilan da abin ke bayyana musu a cibiya, ko a tabon tiyatar haihuwa, ko a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, har a sami wadda huhunta ke sacewa daidai lokacin al'ada, galibi na ɓangaren dama.

Likitan da ya hura wa ciki iska ya zura siririyar kyamara ta cibiya, ga abin da yakan gani. Wani wuri ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, wani jajaye, wani kuma fari fat na tsohon tabo, wasu ma garau suke har idon da bai saba ba ya wuce su. Gidan ƙwai, wanda ya kamata ya ɗaga cikin sauƙi in an taɓa shi da ƙarfe, sai a tarar ya lafe a bayan mahaifa ya ƙi motsi. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai zarurruka kamar yanar gizo-gizo, wasu sirara da almakashi zai raba nan take, wasu sun yi kauri sun ɗaure hanji da mahaifa wuri guda. Daga irin wannan gani likitoci suka kasa ciwon gida uku: na saman tantani, wanda shi ya fi yawa, ƙullutun gidan ƙwai da ake kira endometiriyoma, jaka ce cike da tsohon jini mai kauri, sai mai nutso, wanda ya shige nama fiye da milimita 5.

Dalilin faruwarsa har yau masana ba su gama daddalewa ba. Tun 1860 wani likita mai suna Carl von Rokitansky ya bayyana irin wannan nama a Biyana ta ƙasar Ostiriya, amma John Sampson, likitan mata a Albani ta jihar Niyok a Amurka, shi ya fito da ciwon fili a shekarun 1920. A 1927 ya kawo bayanin da har yanzu aka fi ambata: wani kaso na jinin al'ada yana komawa baya ta bututun mahaifa ya zuba cikin ƙugu, ƙwayoyin da ke cikinsa su kafu su tsiro. Matsalar wannan bayani ita ce daga baya an gano cewa kusan mata tara cikin goma masu buɗaɗɗen bututu jininsu yana komawa baya haka, amma ɗaya ce kawai ke kamuwa. Ke nan akwai abin da ke sa jikin wata ya share ƙwayoyin, na wata kuma ya bar su su yi saiwa. Gado yana da hannu sosai. Nazarin tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga ƙwayoyin halitta yake, kuma wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da shi ta fi sauran mata haɗari nesa ba kusa ba. Wani babban nazari da masanan Jami'ar Okusfod suka jagoranta, aka wallafa a 2023, ya duba mata sama da 60,000 masu ciwon, ya gano wurare 42 a ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da shi. An kuma san cewa naman yana iya ƙera estirojin ɗinsa da kansa, sannan ba ya jin furojestaron yadda ya kamata, alhali shi ne sinadarin da ke taka wa estirojin burki.

To me ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba? Na farko, ciwon mara lokacin al'ada abu ne da aka saba da shi, sai a haɗa mai ɗan murɗawar kwana ɗaya da mai birgima a ƙasa tana amai a ce duk ɗaya ne. Uwa za ta ce, "Yi haƙuri 'yata, ni ma haka na yi fama," kuma gaskiya ta faɗa, domin mai yiwuwa ita ma ciwon gare ta ba a taɓa gano shi ba. Na biyu, alamominsa suna shiga rigar wasu cututtuka. Ciwo wajen bahaya ko fitsari a kwanakin al'ada, kumburin ciki, gajiya, zafi can ciki lokacin saduwa, kowanne yana iya kai mace wani sashen asibiti dabam. Da yawa sun sha maganin ciwon sanyi zagaye bayan zagaye ba tare da an taɓa samun ƙwayar cuta ba. Shi kansa fagen likitanci yana da nasa laifin. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce an daɗe ana koyar da cewa wannan ciwon matan Turawa ne masu hali da suka jinkirta haihuwa, don haka baƙar mace in ta zo da alamomi iri ɗaya sai a rubuta mata ciwon sanyin ƙugu. An rushe wannan zance tuni, amma ɓurɓushinsa bai gama fita daga kawunan mutane ba.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne tsananin zafi ba ya bin girman ciwo. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, na ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ya kasa shi mataki huɗu. Amma mai mataki na ɗaya tana iya kasa tashi daga gado, mai mataki na huɗu kuma ba ta jin komai sai da ta je neman haihuwa aka leƙa aka gani.

Da can sai an yi tiyatar leƙe da kyamara ake tabbatar da shi. A 2022 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai ta sauya matsaya: ƙwararren mai sikanin ta farji, ko hoton MRI, yana iya ganin endometiriyoma da mafi yawan mai nutso, kuma ana iya fara magani ba sai an jira wuƙa ba. Sai dai na saman tantani ba ya fitowa a hoto. Takardar sikanin da ta ce komai lafiya ba ta wanke mace daga ciwon ba, kuma wannan magana ce da ya kamata a riƙa faɗa mata ƙarara kafin ta bar ɗakin. Gwajin jinin CA-125 da wasu ke dogaro da shi ba ya tabbatarwa, ba ya kuma korewa.

Yanzu ga batun haihuwa. Alƙaluman da likitoci suka fi ambata su ne kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu ciwon suna shan wahalar samun ciki, kuma cikin matan da ke zuwa asibiti da rashin haihuwa, kashi 25 zuwa 50 ana samun su da shi. A juya lissafin farko a gani: rabi ko fiye suna ɗaukar ciki ba tare da wata doguwar gwagwarmaya ba. Wadda aka gaya wa tana da endometiriyosis ba a ce mata juya ba. Abin da ke raguwa shi ne rabonta na kowane wata. Ma'aurata matasa masu lafiya suna da kashi 15 zuwa 20 na samun ciki a wata guda, a wurin mai ciwon da ba a yi wa komai ba kuwa ana ƙiyasta kashi 2 zuwa 10. Ƙofa ba ta rufe ba, amma ana bukatar watanni da yawa kafin a dace, kuma watannin nan su ne jinkirin gano ciwo ya riga ya cinye.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda ciwon ke tare ciki ita ce a bi ƙwai a tafiyarsa. Idan ƙwai ya fashe ya fito daga gidansa, ba kai tsaye yake faɗawa bututu ba. Bakin bututun yana da wasu 'yan yatsu masu laushi da ke shafar gidan ƙwai su tsince shi, kuma wannan aiki yana bukatar kowanne ya sami sararin motsi. In tabo ya ja gidan ƙwai baya, ya karkatar da bututu gefe, ƙwai zai fita lafiya lau amma babu mai karɓarsa. Wani lokaci bututun kansa ke toshewa, ya cika da ruwa, ruwan kuma ya riƙa tsiyaya cikin mahaifa yana hana ɗan tayi kafuwa. Wannan bayani ya wadatar ga mataki na uku da na huɗu.

Mai 'yan ɗigo kaɗan fa, wadda bututunta biyu a buɗe suke? A nan zargi ya koma kan ruwan da ke cikin ƙugu, wanda ƙwai da maniyyi ke haɗuwa a kusa da shi. A jikin mai ciwon, ruwan nan cike yake da ƙwayoyin garkuwa da sinadaran kumburi, waɗanda gwaje-gwaje suka nuna suna rage kuzarin maniyyi, suna kuma takura wa ƙwai da ɗan tayi a kwanakinsa na farko. Endometiriyoma kuwa tata ɓarnar dabam ce. Mace da adadin ƙwanta ake haihuwarta, miliyan ɗaya zuwa biyu, kafin balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma ba a ƙera sabo. Tsohon jinin da ke cikin ƙullutun yana da sinadarin ƙarfe mai yawa, yana lalata lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, inda ƙananan ƙwayayen ke kwance.

An daɗe ana muhawara ko ita shimfiɗar mahaifar ma tana ƙin karɓar ɗan tayi. Wani bincike da likitoci suka yi a Balensiya ta Sifen a shekarun 1990 ya ba da haske mai ban sha'awa: masu endometiriyosis da aka dasa musu ƙwan wata lafiyayyar mace sun ɗauki ciki kamar kowa, amma ƙwan da aka ɗebo daga masu ciwon bai kama sosai ba ko da a lafiyayyar mahaifa. Wato matsalar ta fi karkata ga ƙwai. Inda maganar ke sauyawa shi ne in akwai adenomiyosis, ɗan'uwan wannan ciwo da ke tsirowa a cikin tsokar mahaifa, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a gaban likita ba don kunya: in saduwa ta zama azaba, dole ta yi ƙaranci, har a kwanakin da ƙwai ke fita.

A wajen magani ne mace ke shiga tsaka mai wuya, kuma nan ne na ga an fi yi wa mata gurguwar fassara. Magungunan da ke kwantar da ciwon kusan duk hanya ɗaya suke bi, su danne estirojin ko su tsayar da fitar ƙwai. Ƙwayoyin tazarar haihuwa, ƙwayar dayanojes mai aiki irin na furojestaron, robar mahaifa mai sakin sinadari, alluran da ke jefa jiki cikin yanayi irin na ɗaukewar al'ada na ɗan lokaci, duk suna rage zafi sosai, amma muddin mace tana kansu ba a sa ran ciki. Da a ce bayan an daina rabon haihuwa yana ƙaruwa, da sai a ce jiran ya biya. Ba ya ƙaruwa. Jagorar Turai ta 2022 ta faɗa a sarari cewa kada a ba mai neman ciki waɗannan magunguna da sunan inganta haihuwarta. Wadda aka ɗora a kan allura wata shida "don mahaifa ta huta" ta sami sauƙin ciwo, amma a lissafin haihuwa wata shida ta yi asara. Ga budurwa ko wadda ba ta shirya ɗaukar ciki ba, magungunan nan alheri ne, kuma babu hujjar cewa suna hana haihuwa nan gaba. Tambayar da za a fara yi ita ce, yanzu me ake nema?

Tiyata tana da fuska biyu. A 1997 an wallafa wani gwaji daga Kanada kan mata 341 masu mataki na ɗaya da na biyu da suka kasa samun ciki. An cire ko an ƙona ɗigon ciwon a jikin rabinsu, sauran kuma leƙawa kawai aka yi. Cikin makonni 36, kimanin kashi 31 na waɗanda aka yi wa aiki sun sami cikin da ya ɗore, sauran kuma kashi 18. Riba ce ta gaske, ko da yake wani ƙaramin gwaji a Italiya bayan shekara biyu bai ga bambanci ba. A yau ana ganin aikin yana taimakawa daidai gwargwado, musamman in akwai ciwon da ake son ragewa a lokaci guda.

Endometiriyoma ce ke bukatar a yi taka-tsantsan. Bangon ƙullutun a manne yake da naman da ke ɗauke da ƙwai, don haka ko a hannun gwani, ɓare shi yana tafiya da wani lafiyayyen sashe, ƙona wurin don tsayar da jini kuma ya ƙara ɓarna. Gwajin jinin AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage, yakan faɗi bayan aikin, faɗuwar ta fi muni in ɓangare biyu aka taɓa ko kuma karo na biyu ne. Ga shi ciwon yana dawowa: ana ƙiyasta kashi 40 zuwa 50 cikin shekara biyar bayan tiyata. Mace tana iya shiga ɗakin aiki sau uku don neman haihuwa ta fito an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ƙugu ya yi tsaf amma ƙwai ya ƙare. Shi ya sa ƙwararru ke cewa tiyatar farko ita ce mai daraja, a yi ta a hannun wanda ya san aikin, a kuma auna AMH kafin a taɓa gidan ƙwai. Wasu akan ba su shawarar daskarar da ƙwai tukuna, ko da yake har yanzu ana tattara hujja kan wa zai fi amfana.

Sai IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar da ɗan tayi mahaifa, hanyar da aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978. Amfaninta a nan shi ne tana tsallake bututu da ruwan ƙugu gaba ɗaya. Masu ƙaramin mataki sakamakonsu yana kusa da na sauran mata, masu babban mataki kuma akan sami ƙwai kaɗan daga gare su. Cire endometiriyoma kafin IVF bai nuna yana ƙara yawan haihuwa ba, sai dai a cire don ciwo, ko don ta tare hanyar allurar ɗibar ƙwai, ko don kamanninta a hoto sun sa shakkun ko wani mugun ciwo ne dabam. Tsakanin jira da IVF akwai matsakaiciyar hanya ga masu buɗaɗɗen bututu: a zaburar da gidan ƙwai da magani, a zuba tataccen maniyyi cikin mahaifa.

A ɗauki mata biyu masu ciwo ɗaya. Ta farko shekararta 26, zafi yana hana ta aiki kowane wata, bututunta a buɗe, AMH ɗinta mai kyau. Wannan ana iya yi mata tiyata a share ɗigon, a ba ta wata shida zuwa shekara ta gwada da kanta, domin lokaci yana gefenta. Ta biyu shekararta 37, tana da ƙullutu a ɓangare biyu, an taɓa yi mata aiki, AMH ya yi ƙasa. Sake kai mata wuƙa kusan ganganci ne, hanyarta ita ce IVF ba ɓata lokaci. Akwai ma'aunin da Adamson da Pasta suka fitar a 2010, mai maki 0 zuwa 10, wanda ke haɗa shekarun mace da daɗewar rashin haihuwa da tarihin ciki da yanayin bututu bayan tiyata, ya fi ma'aunin matakai huɗu iya hasashen wadda za ta ɗauki ciki da kanta. Kuma kafin a yanke wa kowaccensu hukunci, a gwada maniyyin mijin. Gwaji ne mai sauƙi, ɓangaren namiji yana da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa, kuma abin takaici ne a tsaga cikin mace sau biyu sannan a tuna da shi.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a nemi likita bayan shekara guda ana gwadawa, ko wata shida in mace ta haura 35. Wadda ta san tana da ciwon, ko take da alamominsa masu ƙarfi, ba sai ta cika wannan wa'adi ba.

Akwai shawarar da ake yawan ba mata, har daga bakin wasu ma'aikatan lafiya: "Ki haihu kawai, zai warke." Ciki da shayarwa suna dakatar da al'ada, don haka da yawa suna samun sauƙi a lokacin, amma ba kowa ba, kuma naman yana nan. Ko cire mahaifa ba ya ba da tabbacin waraka in an bar ciwon da ke wajenta. Idan cikin ya samu, mafi yawansu lafiya suke sauka, sai dai nazari ya nuna ɗan ƙarin haɗarin ɓari, da ciki a bututu, da mabiyiya ta tare bakin mahaifa, da haihuwar bakwaini. Saboda haka a gaya wa masu awo tarihin tun zuwan farko, a kuma yi sikanin da wuri don a ga inda cikin ya zauna. Bayan an yaye, al'ada ta dawo, zafin yakan biyo ta. A wannan gaɓar ce magungunan da aka ajiye lokacin neman ciki suke komawa bakin aiki, su danne ciwon su kuma rage yiwuwar ƙullutu ya sake tsirowa, har zuwa ranar da za a so wani cikin.